Mota Mai Tashi Ba Ta Zo Ba, Waya Ta Zo

A 1989, fim ɗin Amurka mai suna Back to the Future II ya nuna wa yara da iyayensu yadda 2015 za ta kasance: motoci na shawagi a sama, takalmi na ɗaure kansa. To, 2015 ta zo ta wuce, har yau manyan motocinmu kan bi layin kwastan a Jibiya.

Abin da fim ɗin ya hango daidai shi ne magana daga nesa ana ganin juna, kuma shi ya taɓa kasuwa. Yanzu mutum na zaune a Maraɗi zai duba atamfa a Kantin Kwari ta waya, ya taya, a sallama masa. Dillalin da ke cin la'ada a tsakani kuwa, shi ke ji a jika.