Digirin Digirgir a Kemistirin Kwantum: Wuta da Kwamfuta Muke Nema

'Yan'uwa malamai, duk lokacin da muka tayar da batun kayan bincike a jami'o'inmu, amsar da ake ba mu ɗaya ce: babu kuɗi. To, akwai reshen ilimin sinadarai da wannan uzuri ba zai karɓu a kansa ba, wato kemistirin kwantum. Mai neman digirin digirgir a wannan fanni ba ya dogara ga sinadaran da ake sayowa da dala. Jarinsa shi ne lissafi, da kwamfuta mai ƙarfi, da wutar lantarki mai ɗorewa.

Fannin ya samo asali ne daga ƙa'idar lissafin da Erwin Schrödinger ya fitar a 1926, wadda ke bayyana halin elektron a cikin ƙwayar zarra. A 1927 Walter Heitler da Fritz London suka yi amfani da ita wajen bayyana abin da ke ɗaure ƙwayoyin zarrar haidurojin guda biyu. Da zarar elektron ya wuce ɗaya, ƙa'idar ba ta warwaruwa kai tsaye, sai dai a bi hanyoyin kusantar amsa. A kan irin waɗannan hanyoyi ne Walter Kohn da John Pople suka sami kyautar Nobel a 1998. A yau da su ake hasashen yadda magani zai kama furotin, ko yadda sinadari zai sha hasken rana, tun kafin a shiga ɗakin gwaji. Manhajoji irin su ORCA kuwa kyauta ake ba masu bincike na jami'a.

Matsalar tana ga nauyin lissafin. A hanyar CCSD(T), wadda masana suka fi amincewa da sakamakonta, idan aka ninka girman sinadari sau biyu, aikin kwamfuta yakan ninku kusan sau 128. Ɗalibin da ba shi da komai sai kwamfutar cinya dole ya tsaya ga ƙananan sinadarai da hanyoyi masu arha. Lissafin da ya kwana uku yana gudana kuma, ɗaukewar wuta sau ɗaya na iya rusa shi. Sakamakon haka shi ne kundin bincike marar zurfi, ko kuma haziƙin matashi ya tafi Turai ya ƙi dawowa.

Afirka ta Kudu ta kafa cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasa a Cape Town, inda malaman jami'o'inta ke tura lissafinsu ta intanet. Mu ma irinta muke nema: cibiya guda, mai wutar hasken rana da ƙwararrun ma'aikata, wadda kowace jami'a za ta sami rabonta a ciki. Asusun TETFund, wanda tushensa gwagwarmayar malaman jami'a ce ta 1992, shi ya fi cancanta ya ɗauki wannan nauyi. Muna kuma neman a rage wa ƙananan malamai masu karatun digirgir yawan darussan da suke koyarwa, a kuma ƙarfafa lissafi a manhajar digirin farko na kemistiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna kira ga wakilan reshenmu da su gabatar da waɗannan buƙatu uku a taron ƙungiya na gaba, a sanya su cikin abin da za a zauna da gwamnati a kai.