TAKIN GWAMNATI, GONAR WA YAKE SHIGA?

Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa a gabas, sai mahukunta su shiga rediyo suna shelar cewa Gwamnati ta sayo taki mota kaza, za a sayar wa manoma da rangwame. A kafa rumfa, a yi jawabi, a ɗora wa wani dattijo buhu a ka, a ɗauki hoto. To, mu tambaya ɗaya muke yi: mai gandu a Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, shi da ƙannensa da 'ya'yansa da suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, buhu nawa ya shiga gonarsa?

Wannan alkawari ba yau aka fara shi ba. An yi shi a 1976 zamanin Janar Obasanjo, an sāke shi a 1980 zamanin Alhaji Shehu Shagari. An janye rangwamen a 1997, aka maido da kashi 25 cikin 100 a 1999. Sai ga Ministan Gona da kansa, Dokta Akinwumi Adesina, ya fito ya ce a tsohon tsari kashi 11 cikin 100 kawai na manoma suke samun takin rangwame. Ba 'yan adawa suka faɗa ba, Minista ne ya faɗa. Sauran fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsarin da ya kawo a 2012, na aika wa manomi saƙo ta waya ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, ya rage ɓarna, ba ma musu. Amma Gwamnati suna take ƙirgawa, ba ta ƙirga bakin da ke ci. Mai gidan da mutum ashirin suke ci a ƙarƙashinsa, ina buhu biyu za su kai shi?

Jama'a, ku duba yadda abin yake tafiya a ƙasa. Tudun Wada da Doguwa ƙasar masara ce, masara kuwa ba ta jiran kowa. Tana son kamfa tun tana ƙarama, tana son yuriya kafin ta yi bunni. Takin da ya iso bayan ta fitar da goyo ihu ne bayan hari. In ma ya iso a kan kari, kuɗi hannu ake nema, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin iri, ga na huɗa. Sai talaka ya sayar da rabonsa tun a bakin sito. Wanda ya saya ya kai kasuwa, ya dawo ya ba wannan talakan dai bashin takin, a biya shi da masara da kaka. Shekara biyu, uku, bashi ya hau bashi. Samari su ga sun yi damina guda suna sunkuye ba ko kuɗin riga, wannan ya ce a yanka masa tasa gonar, wancan ya tafi Abuja ci-rani bai dawo ba. Mai gida ya tsufa, ya jinginar da gona. Wa ya karɓi jinginar? Sau da yawa mutumin nan ne da aka rubuta wa taki mota guda don yana da kati da ubangida. Ashe ke nan da kuɗin rangwamen da aka ce na talaka ne ake saye gonar talaka, shi kuma ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a karanta musu wannan a jarida, don dam ɗin Tiga yana gabansu. An gama shi a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Aiki ne babba, ya kuma raya noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Amma su wa aka tasa daga gidajensu da fadamunsu don ruwa ya kwanta? Mutanen nan ne. Can ma inda ruwan ya je, wanda ba shi da kuɗin taki da na tarakta sai ya ba mai kuɗi hayar filinsa.

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya buɗe shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi. An zuba fiye da naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, ya haura rabi. Su je su daidaita lissafinsu. Mu abin da muke nema shi ne a buga sunayen waɗanda suka karɓa, gunduma gunduma, a ga ko manoma ne ko manoman takarda. Kada a ci kuɗi a birni a bar wa talakan ƙauye sunan maciyin bashi.

Sa'an nan ga ta baya-bayan nan. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na injin ban-ruwa suka tashi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta yafe harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, na taki kuwa ya hau. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, muna taya shi murna. Amma wanda ya ci bashi ya sa taki da tsada, ya kai masararsa Kwanar Dangora ya sayar da araha, wa ya tuna da shi? Babban manomi yana da sito, zai ajiye ya jira farashi. Mai gandu kuwa mai bashi yana tsaye a ƙofar gidansa tun masara ba ta bushe ba. Kakanninmu sun ga irin wannan zamanin hukumar sayen gyaɗa, lokacin da ake yanka wa manomi farashi a tara rarar a wani wuri. Irin wannan zalunci ne ya sa Malam Aminu Kano da abokansa suka tashi tun 1950.

Mu ba mu ce a soke rangwame ba. Waɗanda ke cewa a bar kasuwa ta yi halinta su tuna Amurka da ƙasashen Turai har gobe suna tallafa wa manomansu. Abin da jam'iyyarmu take nema shi ne taki ya sauka a kowace mazaɓa kafin ƙarshen Afrilu. A raba shi gwargwadon girman gona da yawan iyali, wanda ba shi da kuɗi hannu a jira shi zuwa kaka ba tare da ruwa ba. A karanta sunan kowa da yawan buhunsa a bainar jama'a ranar kasuwa, gaban mai unguwa da liman, a kuma manna takardar a ƙofar sito. 'Yan Majalisar da ke wakiltar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su kai wannan magana zaure kafin ruwan shuka ya sauka. Shafin nan a buɗe yake ga duk wanda ya kawo mana takardar rabon taki ta mazaɓarsa, za mu buga ta yadda take.