Yaron da ke gyangyaɗi a aji ba raggo ba ne

Kusan shekara 20 ke nan ina riƙe da alli, kuma na daɗe ina yi wa wani abu gurguwar fahimta. Duk yaron da ya kifa kai bisa tebur da ƙarfe 9 na safe, sai in ce ragganci ne, in tsayar da shi a bayan aji. A makarantar horon malamai an koya mana shirya darasi da riƙon aji, amma ban tuna ranar da aka yi mana zancen barci ba.

Bara na tambayi ƴan ajina na CM2, ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe nawa suke kwanciya. Yawancinsu sai 11 ta gota. Da asuba kuma a tashe su: salla, makarantar allo, ɗibar ruwa, sannan lakwal ƙarfe 8. Iyaye, ku yi lissafin da kanku. Wanda ya kwanta 11 ya tashi 5 da rabi, awa 6 da rabi ya samu. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka kuwa, a 2016, ta ce ɗan shekara 6 zuwa 12 na bukatar awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ke nan yaron da za a tasa da asuba ya kamata 8 da rabi ta same shi a shimfiɗa. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya da rana. In an gajarta shi, rabin wahalar da na sha a gaban allo ta tafi a banza.

Ni ma ban tsira ba. Bayan isha'i ina fada da abokai, shayi na ɗaya har na uku, in dawo in zauna gyaran kaye, in ƙare da latsa salula. Sinadarin da ke hana barci a cikin shayi, rabinsa na nan a jini bayan kusan awa 5, hasken salula kuma na sa jiki ya jinkirta jin barci. Da safe ni ne mai faɗa, ƴan aji su sha.

A gidana ga yadda muka yi. Ba mu ce yau kowa ya kwanta 8 da rabi ba, don jiki ba ya yarda da haka. Minti 15 muka riƙa matsowa duk bayan kwana uku. Maiɗakina ta koma sauke tuwo kafin magariba. Aikin gida a gama shi da la'asar. Bayan isha'i a kashe tele, salula duka, har tawa, su shiga kwano ɗaya a ɗakina. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi mini wuya, ba yaran ba. Shayina ya koma na rana.

Na san abin da za a ce: zafi. Gaskiya ne, a Afrilu da Mayu ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba. Amma a tsakar gida ma ana iya yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma, a ɗaura gidan sauro da wuri, manya su rage murya. Mu malamai kuma mu duba yawan aikin da muke jibga wa yara. Wanda ba ya ƙarewa cikin rabin awa, barcinsu yake ci.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne talla. Akwai yarinyar da ke kai abinci tasha har wajen ƙarfe 10 na dare, da kuɗin ake cefanen gobe. Na je na gaida mahaifiyarta, na ce: "Inna, ko kwana uku a sati ta riƙa dawowa da isha'i." Ta yi shiru, sannan ta ce za ta gwada biyu. Sauran ranakun, in an fita hutun ƙarfe 10, nakan bar yarinyar cikin aji ta ɗan runtsa.