Zuwa ga Masu Jan Akalar Zaman ’Yan Takara da Ɗalibai

Ƙannena,

Kakar zaɓe na ƙaratowa, kuma na san ɗawainiyar da ke jiran ku: takardar neman izini da za ta yi makonni a ofishin shugaban jami’a, hayar janareta, rigimar kujerun gaba tsakanin malamai da ’yan jam’iyya. Wannan duk kun fi ni sani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan lokacin nan da ɗayanku zai zauna tsakanin mai neman shugabancin ƙasa da ɗalibai, makirufo a hannu.

Ku fara sanin darajar hajarku. A rajistar da INEC ta fitar gabanin zaɓen 2023, cikin masu zaɓe miliyan 93 da ɗoriya, sama da miliyan 26 ɗalibai ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan takarar da ya amsa gayyatarku hotonsa yake nema a tsakiyar matasa, ya fi ku buƙatar zaman. To rawar jikin me kuke yi idan hadimansa suka ce a turo musu tambayoyi tukuna?

Amurkawa sun daɗe a wannan harka, sun kuma sha kunya a cikinta. A watan Nuwamban 2007, a garin Newton na jihar Iowa, wata ɗalibar Kwalejin Grinnell ta tashi ta tambayi Hillary Clinton game da ɗumamar yanayi. Ashe wani ma’aikacin yaƙin neman zaɓen ne ya ja ta gefe, ya buɗe mata takardun tambayoyin da aka tanada, ya ce ga tata. Jaridar ɗaliban kwalejin ce ta tona asirin, mutanen Clinton kuma ba su da mafita sai da suka amsa. Batun na da muhimmanci, ba a nan gizo ke saƙa ba. An mayar da ɗaliba ’yar amshin shata ne, aka kuma yi tuwona maina a gaban jama’ar da suka ɗauka gaske ake yi. Idan hadimai suka matsa muku, ku ba su fannoni: ilimi, tsaro, tsadar rayuwa. Kalmomin tambayar kuwa na mai ita ne. Mai zagayawa da makirufo a zaure ma ya zama naku, don wanda ya riƙe shi shi ke zaɓar bakin da zai yi magana.

Kada kuma cikar zaure ta ruɗe ku. Da Ted Cruz ya ƙaddamar da takararsa a Jami’ar Liberty a watan Maris na 2015, zauren ya cika maƙil, amma taro ne da dokar makarantar ta wajabta wa ɗalibai halarta. Wasu cikinsu suka zo sanye da rigunan goyon bayan abokin hamayyarsa Rand Paul, suka zauna inda kyamara za ta ɗauke su. A wajenmu, abin ya fi zuwa da motocin haya cike da ’yan tafi waɗanda ba su taɓa shiga aji a makarantar ba. Katin shaida a ƙofa ya isa maganinsu.

Ainihin gwanintar tana cikin tambaya ta biyu. Ran 15 ga Oktoban 1992, a Jami’ar Richmond, wata mata ta tambayi ’yan takara uku yadda bashin ƙasa ya taɓa rayuwarsu su da kansu. Shugaba George Bush babba ya kama kame-kame, har ya ce bai gane tambayar ba. Carole Simpson, wadda ke jan akalar zaman, ba ta ce a wuce ba. Ta fayyace cewa matsin tattalin arziki matar ke nufi, ta bar ta ta ƙara bayani. A nan Bill Clinton ya taka ya matso kusa da ita ya amsa, a daren ne kuma aka ga Bush yana duba agogonsa. Ɗalibinku ma zai iya rikicewa, murya na rawa, ya haɗa tambaya uku a numfashi ɗaya. Ku taya shi tsamo guda, amma kada ku sauya masa ita da taku.

Ga misali a gida. Wata ta tashi ta ce ta zauna a ɗakin uwarta daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022 saboda yajin aikin ASUU, me ɗan takarar zai yi? Zai ce a mulkinsa an gama yajin aiki, zaure ya ɗauki tafi. Ku jira tafin ya lafa. Sannan ku ce: ranka ya daɗe, yarjejeniyar gwamnati da ASUU fa, za ka aiwatar da ita? Da wane kuɗi, daga ina? Ladabi bai hana wannan ba, "ranka ya daɗe" ɗin na nan a farkonta. A 1968 ɗaliban likitanci na Jami’ar Indiana sun yi wa ɗan takara Robert Kennedy irin wannan tambaya, ina zai samo kuɗin shirye-shiryensa. Ya dube su ya ce daga wajensu. Amsar ba ta yi musu daɗi ba, amma sun ji abin da ke ransa, kuma ba a gaban masoya aka samo ta ba.

In ɗan takara ya gama zagaye-zagayensa, kada ku yi saurin karɓe makirufon. Ku juya ga wadda ta yi tambayar, ku ce mata: malama, an ba ki amsa?

Yayanku a sana’a.