RA'AYI: Kason Wanda Ya Rantse Ba Zai Riƙe Dukiya Ba



Akwai wani wasa da aka fito da shi a Amurka a shekarar 1974 mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙira. Ba a waya ake yin sa ba. Mutum huɗu ko biyar ne za su zagaye tebur da takarda da fensir da 'ya'yan lido, har da mai fuska 20. Ɗaya shi ne jagora, shi ke ba da labari yana yanke hukunci, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. Su shiga kogo, su yaƙi dodanni, su fito da ganima su raba. A wurin rabon nan rigimar take.

A 2003 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da littafin Book of Exalted Deeds, wanda ya ba jarumi damar yin rantsuwar talauci. Wanda ya yi ta ba zai mallaki komai ba sai tufafi marasa ado, da makami mai sauƙi kamar sanda, da guzurin yini ɗaya. Ba sulke, ba takobin sihiri. A madadin haka dokar wasan tana ƙara masa kariya da ƙarfi yayin da yake hawa mataki, har ya kai inda ba ya bukatar ci ko sha.

To, a ce su biyar sun samo zinare 1,000. Kowa 200 ke nan. Sai wani mai wayo ya ce, ai wane ya rantse, mu raba mu huɗu, kowa ya tashi da 250. Ni a ganina wannan cin zali ne, ko da kuwa zinaren na takarda ne.

Da shi aka shiga kogon, da shi aka sha duka. Rantsuwar da ya yi ta hana shi riƙewa, amma ba ta soke haƙƙinsa ba. Mu da ke makarantar kwana mun san wannan: idan ɗan ɗakinku yana azumin Litinin, ba ku da ikon cinye abincinsa na rana don kawai ba zai ci ba. Shi zai ce a ba wane, ko a ajiye masa. Littafin ma haka ya tsara, cewa a fitar masa da kasonsa, shi kuma ya ba da mafi yawansa ga mabukata.

Na san abin da masu ɗaya ra'ayin za su ce, kuma ba shirme ba ne. Za su ce kuɗin nan da su ake sayen makamai da magani, idan aka kyautar da 200 ƙungiya ce ta yi asara, gobe dodo ya cinye kowa. Amma su duba lissafin da kyau. Ƙarfin da aka ƙara wa mai rantsuwa shi ne ya maye gurbin kayan da zai saya da kasonsa. Idan abokansa suka haɗiye kason, ƙungiya ta ci riba sau biyu ke nan, ga ƙarfin kyauta ga ƙarin zinare. Daga nan sai ka ga kowace ƙungiya tana lallaɓa mutum ɗaya ya rantse don aljihun saura ya cika. Wannan kuwa ciniki ne, ba gudun duniya ba.

Abu ɗaya na yarda da shi: kuɗin masauki da na jirgin ruwa da maganin da kowa zai sha, a cire su tun kafin rabo. Amma kada mai rantsuwa ya miƙa wa abokin tafiyarsa mai sulken ƙarfe kasonsa ya ce sadaka ce. Wa ake yaudara?

Sauran aiki na jagora ne. Kada ya bari zinaren ya ɓace kamar an jefa a rijiya. Idan jarumin ya ba wani ƙauye 200 ɗinsa, to bayan wata uku a cikin labarin su dawo su tarar an gina ɗakin marayu, ko wata tsohuwa da ta ci sadakar ta raɗa musu hanyar da 'yan fashi suke bi. Kuma a yi wannan magana tun ranar farko, kafin a jefa ɗan lido ko sau ɗaya, domin idan zinare ya riga ya zube a tebur ba wanda ke sauraron wani.