Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Halin Masu Jiragen Filafilai A Karibiyan

Ba kowa ya sani ba, cewa iskar da ke kawo mana hadari daga gabas a cikin damina, wadda kan ratsa Chadi da Nijar da Arewacin Nijeriya ta nufi yamma, ba a gaɓar Senegal tafiyarta kan ƙare ba. Wata takan faɗa Tekun Atlantika, in ta tarar da ruwa mai ɗumi sai ta yi ta juyawa tana ƙara ƙarfi, har ta zama mahaukaciyar guguwa. Masana yanayi sun tabbatar cewa mafi yawan manyan guguwoyin da ke afka wa tsibiran Karibiyan, waɗanda ke ƙetaren tekun, daga nan Afirka ta Yamma suke samo asali. Watau abin da manominmu ke murna da shi, shi ne ke hana mai jirgin ruwa barci a can.

Jirgin da muke magana a kansa shi ne mai filafilai, wanda ake shimfiɗa wa ƙyalle a jikin doguwar sanda, iska ta riƙa tura shi. Masu irin wannan jirgi a Karibiyan kashi biyu ne. Akwai baƙi daga Amurka da Turai, waɗanda wasunsu jirgin ne ma gidansu. Akwai kuma 'yan ƙasa, alal misali mutanen ƙauyen Windward a tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada, waɗanda suka gaji sassaƙa jirgin katako kaka da kakanni, har suna gasar tsere da shi tun 1965. Dukkansu shekararsu rabe take gida biyu, domin daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, kunnen kowa yana ga sanarwar cibiyar lura da guguwa da ke Miami a Amurka.

Cibiyar kan yi gargaɗi tun ana sauran kamar awa 48, amma aikin da ke gaban mai jirgi ya fi ƙarfin kwana biyu. Dole ya kwance filafilai da rumfa da duk abin da iska za ta kama, saboda in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa. Daga nan sai ya zaɓi ɗaya cikin uku. Ko dai ya gudu da jirgin zuwa kudu, alhali gudunsa bai cika wuce kilomita 12 a awa ba, guguwa kuwa takan ninka haka a tafiyarta. Ko ya biya a ɗaga masa shi zuwa tudu a ɗaure da ƙasa. Ko kuma ya kutsa da shi cikin itatuwan nan da ke tsirowa a ruwan gishiri a bakin gaɓa, ya saki anka biyu ko uku, ya ninka igiyoyi. Ko ya yi duk wannan, maƙwabcin da ya yi sakaci da tasa igiyar yana iya jawo masa asara, don jirgi ɗaya in ya tsinke sai ya bi sauran yana farfasawa.

Shekaru da dama an ɗauka cewa Grenada ta yi kudu da yawa, guguwa ba ta cika bi ta nan ba, domin tun guguwar Janet ta 1955 ba a ga babba ba. Har kamfanonin inshora sukan yarda a ajiye jirage a can. Ran 7 ga Satumba 2004 guguwar Ivan ta ƙaryata wannan zato: mutum 39 suka rasu, wajen gida 9 cikin 10 suka lalace, jiragen da aka jera a tudu suka kife kan juna. A 2017 guguwar Irma ta shiga mafakar Paraquita a tsibirin Tortola, can arewa, inda aka tara ɗaruruwan jirage musamman don tsira, ta jibge su wani kan wani. Sa'an nan ran 1 ga Yuli 2024 guguwar Beryl ta dira a Carriacou da iska mai gudun kilomita 240 a awa, tun lokacin guguwa bai yi nisa ba, ta ragargaza jiragen da suka ɓuya cikin itatuwan gaɓar Tyrrel. Ke nan yanzu babu wurin da za a rantse a kansa, babu kuma watan da za a yi sake a cikinsa.

A ganinmu darasi na farko na mai jirgin ne. Shiri tun watan Mayu ake gama shi, a san inda za a kai jirgi, a tanadi igiya da anka, domin masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa an gama ɗauri, to a sauka a nemi mafaka a tudu. Masu zama cikin jirgi wai don su tsare dukiyarsu, su tuna da Fantome, wani babban jirgin filafilai da ya sauke fasinjojinsa a Belize cikin Oktoba 1998, ya fita teku don ya kauce wa guguwar Mitch, ya nutse da ma'aikatansa 31. In jirgi mai wannan girma bai tsira ba, me mutum ɗaya zai iya da igiya a hannu cikin duhun dare? Jirgi ana sassaƙa wani, kuma in da rai da rabo.

Darasi na biyu na hukuma ne, don iska mai kayan kara take wahalarwa. Baƙo mai hali yana da inshora, ko da yake ana tsauwala masa kuɗi a kan asarar guguwa, kuma yana iya tafiya Trinidad ya jira ƙura ta lafa, kamar yadda da yawa suka yi kafin isowar Beryl. Ɗan ƙasa mai jirgin katako kuwa, jirgin shi ne gonarsa, shi ne jarinsa, ba shi da inda zai gudu ya bar iyalinsa, samun inshora ga jirgin katako kuma abu ne mai wuya. Ranar da ya fashe, aikin shekara da shekaru ne ya tafi.

Gaskiya ne an yi wani ƙoƙari. Bayan Ivan, ƙasashen yankin sun kafa asusun inshora na haɗin gwiwa a 2007, wanda ya biya Grenada wajen dala miliyan 44 bayan Beryl, kuma tun 2019 aka shigo da wani tsari na musamman don masunta a Grenada da Saint Lucia. Wannan abin yabo ne, sai dai biyan diyya magani ne, ba rigakafi ba. Ya kamata gwamnatocin tsibiran su tanadi wuraren ɗaga ƙananan jirage zuwa tudu a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Ya kamata su hana sare itatuwan gaɓa don gina otal-otal, su kuma sake dasa waɗanda guguwa ta kashe. Haka nan a kafa doka a kan yadda za a shiga mafaka da yadda za a yi ɗauri, don kada manyan jiragen baƙi su cika wuri su bar 'yan ƙasa a waje.

Babu mai ikon hana guguwa tasowa, kuma yadda ruwan teku ke ƙara ɗumi, alamu sun nuna ƙarfinta ƙaruwa zai yi. Abin da ke hannun ɗan Adam shi ne watanni shida na kwanciyar hankali, daga Disamba zuwa Mayu. Yadda mai jirgi da hukuma suka yi amfani da su, shi zai nuna abin da za a tarar a bakin gaɓa in gari ya waye.