Tsakanin Boeing da Airbus: Yadda Habasha ke zaɓen manyan jiragenta

Duk kamfanin jiragen sama da ke son cin dogon zango a yau, kusan shaguna biyu kacal ke gabansa: Boeing na Amurka da Airbus na Turai. Su ne ke ƙera manyan jiragen fasinja masu faɗin ciki, waɗanda ke da hanyar wucewa biyu a tsakanin kujeru. Kuɗin kowane ɗaya ya haura dala miliyan ɗari, kuma akan sa ran zai yi shekara ashirin ko fiye yana aiki. Saboda haka shugaban da ya sa hannu a takardar ciniki a yau, ya ɗaure wuyan waɗanda za su gaje shi. Wannan makon ina so mu dubi yadda kamfanin Ethiopian Airlines na Habasha ke yin wannan zaɓi, tunda shi ne mafi girma a Afirka, kuma jiragensa na sauka a Kano da Abuja da Legas da Yamai.

Abin da zai fara jan hankalin mai karatu shi ne kamfanin bai tsaya a shago ɗaya ba. A 2012 ya zama na farko a Afirka da ya karɓi Boeing 787, a 2016 kuma ya zama na farko da ya karɓi Airbus A350-900. A baje kolin jirage na Dubai na Nuwamban 2023 ya yi odar ƙarin 787 guda 11, ya kuma ƙulla yarjejeniyar ƙarin A350-900 guda 11. A Maris ɗin 2024 ya amince da sayen Boeing 777-9 guda 8, sannan kafin ƙarshen shekarar ya karɓi A350-1000 na farko a nahiyar. Mai kallo daga nesa zai ce ruwan ido ne. Amma kowane ciniki yana da lissafinsa.

Lissafin farko daga gida yake farawa. Filin jirgin Bole na Addis Ababa yana kan tudu mai tsayin mita sama da 2,300. A irin wannan wuri iska ba ta da kauri, don haka ƙarfin inji yakan ragu, fukafukai kuma ba sa samun abin dafawa yadda ya kamata. Dole a rage nauyin jirgi kafin ya tashi, ko dai a mai, ko a kaya, ko a fasinja. Wannan ne ya sa jiragen kamfanin da ke zuwa Washington suka daɗe suna yada zango a Turai don shan mai, alhali a dawowa kai tsaye suke zuwa. Duk jirgin da za a tallata wa Habasha, tambayar farko ita ce nauyin da zai iya ɗagawa daga Bole, ko da takardun masu shi sun ce yana iya keta rabin duniya.

Na biyu shi ne girman jirgi da yawan masu tafiya. Boeing 787-9 yakan ɗauki fasinja wajen 300, A350-1000 ya fi shi, 777-9 kuma yana iya kai 400. Babban jirgi yana rage kuɗin ɗaukar kowane fasinja ne idan an cika shi. In kuwa ya tashi rabi, asara ce tsantsa, domin mai kaɗai yakan cinye tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin da kamfanin jirage ke kashewa. Shi ya sa akan ware ƙananan don buɗe sabuwar hanya, a bar manyan ga hanyoyin da suka riga suka bunƙasa. Wannan lissafin ne ma ya kawo ƙarshen jirage masu inji huɗu: an daina ƙera A380 a 2021, aka miƙa 747 na ƙarshe a farkon 2023.

Na uku shi ne inji, wanda fasinja ba ya tunani a kansa. Wanda ya sayi A350 ya auri Rolls-Royce, domin injin Trent XWB kaɗai ake ɗora masa. Wanda ya sayi 777-9 ya auri General Electric. A kan 787 ne kawai ake da zaɓi tsakanin kamfanonin biyu. A Dubai a 2023, shugaban Emirates, Tim Clark, ya ƙi sayen A350-1000, yana ƙorafin cewa injinsa ba ya jure zafi da ƙurar yankin Gulf kafin ya buƙaci gyara. Habasha kuwa ta karɓe shi. Jirgi ɗaya ne, amma yanayin wurin aiki ya bambanta, hukunci ma ya bambanta.

Na huɗu shi ne lokaci da hadarin dogaro da mutum ɗaya. An tsara fara miƙa 777-9 ga masu saye a 2020, sai ga shi 2024 ta ƙare bai fara ɗaukar fasinja ba. A Janairun 2013 an dakatar da duk jiragen 787 na duniya saboda matsalar batir, kuma Habasha ce ta fara maido da nata bakin aiki a Afrilun shekarar. Kamfanin da ya ɗanɗana irin wannan ya san amfanin samun mafita ta biyu. Ban da haka, ɗan kasuwa yakan sassauta farashi idan ya san abokin cinikinsa na iya tsallakawa shagon da ke kallonsa.

Sai dai tara iri biyu yana da tsada. Matuƙin 787 ba zai hau A350 ba sai an sake horar da shi. Kayan gyara daban, injiniyoyi daban, na'urar koyon tuƙi daban. Habasha na iya ɗaukar wannan nauyi ne saboda tana da jirage sama da ɗari, tana da makarantar horar da matuƙa da injiniyoyi, tana kuma da wurin gyara nata a Addis Ababa, abubuwan da ta soma ginawa tun bayan kafa kamfanin a 1945. Kamfani mai jirage biyar da ya ce zai kwaikwayi wannan tsari zai karye tun kafin ya miƙe. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

A nan ne batun ya shafe mu. Tun da aka rushe Nigeria Airways a 2003, maganar kafa jirgin ƙasa ba ta mutu ba. A Mayun 2023 an nuna wa 'yan Nijeriya wani jirgi a Abuja ɗauke da sunan Nigeria Air, daga baya ta bayyana na Habasha ne, kuma kafin shekarar ta ƙare aka dakatar da shirin. Mun fara da fenti da suna, su kuwa da taswira da alƙalami suke farawa. Duk ranar da aka sake taso da maganar, haƙƙin 'yan majalisa ne da 'yan jarida su tambayi waɗanne hanyoyi za a bi, fasinja nawa ake da su a kowace, a ina za a gyara injin, da wane kuɗi za a biya, naira ko dala. Idan aka samu amsar waɗannan a rubuce, zaɓen Boeing ko Airbus zai zo da sauƙi. Idan ba a samu ba, kowanne aka saya bashi ne za a bar wa 'ya'yanmu.